Abin da Amankwa Ya Gani a Madubi

A Konongo, in ka ce kana neman Yaw Amankwa, sai ka ga mutane suna sosa ƙeya. Amma in ka ce Kawu Madubi, ko mai sayar da lemo a tasha za ta nuna maka da baki: bi bayan rumfar mai faci, za ka ga ɗaki mai koren fenti da benci a ƙofarsa, mutane zaune a jere, kowa ya dunƙule wani abu a hannu yana kallon gefe. Kwalin ashana ne suke ɓoyewa, abin da ke cikin kwalin kuwa ba ashana ba ce. Sana'ar Amankwa ke nan shekara arba'in: ya ɗebi ɗan abin da mutum ya fitar daga cikinsa, ya shafa a gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin awo, ya gaya masa abin da ke cin sa.

Ɗan manomin koko ne, amma tun farko gona ba ta karɓe shi ba. Yana da shekara ashirin da biyu ya samu shiga ɗakin awo na wani asibitin mishan, a hannun wani tsoho ɗan bakin teku mai suna Mista Tando, wanda ba a taɓa ganin haƙorinsa ba sai in yana faɗa. Tsohon yana da wata ɗabi'a. In aka miƙo kwali, kafin ya buɗe sai ya taɓa shi da bayan hannu. In ya ji sanyi, ya mayar wa mai shi ko da daga bayan duniya ya zo.

"Amiba mai sa atini da tafiyarta ake gane ta," in ji shi. "In abin ya huce ta daina tafiya, in ta daina tafiya ba ka da shaida. Abin da bai motsa a gabanka ba, kada ka raɗa masa suna. Ka ji ni, ɗan koko?"

Ɗan koko ya ji. Kuma Allah ya ba shi ido, wannan kam ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ƙwan tsutsar da wasu za su yi rabin awa suna nema, shi yana leƙawa zai ce ga shi can gefen hagu. Da ya yi ritaya ya buɗe ɗakinsa na kansa, mutane suka biyo shi har da na ƙauyukan da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Yabo kuwa in ya yi yawa yana hawa kai. Maganar Amankwa ta zama guda ɗaya, ko ana gardamar ƙwallo ko ana ta siyasa: gani ya kori ji. Har ya sa mai fenti ya rubuta masa ita a saman ƙofa.

'Ya'yansa uku, amma a al'adar mutanensu 'ya'yan mutum na dangin uwarsu ne. Wadda take tasa ta jini, wadda in ta yi kuka shi za a tambaya, ita ce Adoma, 'yar ƙanwarsa Konadu. Konadu tana ƙauyen Nsuase, tafiyar awa biyu a mota in ba a yi ruwa ba, tana sayar da dokunu, tuwon masaran nan mai tsami da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi a gindin wata bishiyar mangwaro. Dokunun nata ya yi suna, direbobi sukan yi ƙaryar taya ta yi faci don su tsaya su ci. Mijinta ya rasu Adoma tana goye. Amankwa ne ya kai yarinyar koyon ɗinki, shi ne kuma ya ɗauko keken ɗinkinta a kansa daga tasha, sanye da farar rigarsa ta aiki, don kowa ya gani.

Adoma tana da shekara goma sha tara cikinta ya fara. Zawo da jini da majina, sau bakwai sau takwas a rana, da murɗa. Wata Talata Konadu ta rufe tukunyarta ta shigo mota, da kwalin ashana a naɗe cikin leda, ledar a ƙulle a bakin zane.

Amankwa ya karɓa, bayan hannunsa ya taɓa kwalin da kansa ba tare da an aike shi ba. Sanyi ƙalau. Ya san abin da ya kamata ya ce: koma ki zo da yarinyar, ta shiga bayan ɗakin nan, a kawo mini nan take. Amma ya dubi bencin, galibi maza ne, ya tuna Adoma ta zama budurwa, kuma shi kawunta ne, sai ya ji bakinsa ya yi nauyi. Ga Konadu ta sha ƙura, ta bar ciniki. Ga kuma abin da bai faɗa wa kansa ba sai bayan shekaru: bai so a ce Kawu Madubi ya karɓi kwalin 'yar gidansu ya ce bai iya dubawa ba.

Ya shafa, ya leƙa. Ga wasu ƙwayoyi manya, zagaye, wasu da jajayen ƙwayoyin jini a cikinsu sun haɗiye. Haka amiba take yi, tana cin jini. Ya jira su motsa. Ba su motsa ba. Ya ce a ransa ai sanyi ne ya kashe su, ya ɗauki biro ya rubuta amiba.

Da ya tsaya nan, da da sauƙi. Amma ya fito bakin ƙofa da takardar a hannu, da muryar nan tasa ta mai koyarwa.

"Konadu, wane irin ruwa kuke sha a gidan nan?"

"Na rijiyarmu mana, Yaya. Wanda kai ma ka sha ka girma."

"To abin nan ba daga sama yake faɗowa ba. Ƙazanta ke kawo shi, ta ruwa ko ta hannun mai dafa abinci. Ki gyara hannunki, ki dinga tafasa ruwa. Mai sayar da abinci guda, a ce a gidanki aka samu wannan."

A bencin akwai mata biyu 'yan Nsuase. Mota ɗaya suka koma da Konadu, maganar kuwa ta riga su sauka. Kafin wata ya cika direbobi sun daina yin faci a gindin mangwaro. Wata maƙwabciya mai sayar da shinkafa da wake ta dinga tambaya da ƙarfi ko dokunun yau da amiba ne ko babu, a rage mata kuɗi. Konadu ba mai baki ba ce. Ta kife tukwanen, ta koma taya mutane shanyar koko, kuma daga ranar kullum da safe aikinta na farko shi ne ɗora tukunyar ruwa a murhu.

Adoma ta sha filajil, maganin nan mai barin ɗanɗanon ƙarfe a baki. Bayan mako uku jinin ya tsaya. Amankwa ya ba da labarin a coci, ya ba da shi a wajen aski. Bayan wata huɗu ciwon ya dawo, kwali ya sake zuwa a bakin zane, a sanyaye, ya sake rubuta abin da ya rubuta. A karo na uku shakka ta ɗan shige shi, don ya san amiba ba ta da irin wannan naci a gidan da ake tafasa ruwa har na wanke kwano. Amma in ya ce yanzu a zo da yarinyar, me zai ce game da na farko da na biyu? Ya fi sauƙi ya dubi ƙanwarsa ya ce, "Kin sake sakaci ke nan." Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai ta ce za ta ƙara kula.

Haka aka yi shekara tara. Ciwon ya lafa, ya tashi, ya lafa. Adoma ta rame har zoben hannunta ya koma babban yatsa. Ita ke ɗinka wa rabin garin baƙi da jan kayan makoki, amma ita ba ta zuwa makokin da ake yi ranar Asabar, don ba ta iya zaman awa ɗaya nesa da bayan gida, kuma wanda ba ya zuwa makokin mutane ai ya fita daga cikin mutane. Wata nas ta taɓa ba da shawarar a kai ta Kumasi. Amankwa ya yi dariya ya ce, "Me za su gani a Kumasi wanda ban gani ba? Madubinsu ido huɗu gare shi?"

Wata Alhamis da hantsi Adoma ta kife a kan keken ɗinki, ciki a kumbure, jiki kamar garwashi. Ba wanda ya tsaya neman ashana. Aka wuce da ita babban asibiti a Kumasi. Amankwa ya bi su bayan kwana biyu, da littafinsa na aiki a jaka, don ya taimaka wa likitocin da bayani.

Likitar mace ce, Dakta Tiwaa, ba ta kai babban ɗansa shekaru ba. A bakin gadon Adoma ta same shi, Konadu ta fita neman ruwan zafi. Ta ce sun yi gwajin amiba na zamani sau biyu, babu. Sun kuma leƙa hanjin da na'ura mai kyamara, sun ga ya saɓule ya yi jawur tun daga ƙasa har inda suka iya kaiwa.

"'Yata, ni na gan su da idona," in ji Amankwa. "Ba sau ɗaya ba. Ga littafi."

"Na yarda ka ga wani abu, Baba. Da ɗuminsa ake kawo maka?"

Ya buɗe littafin yana juya shafi.

"Suna tafiya?"

Ya dubi littafin kamar amsar tana ciki. Adoma tana kwance idonta a rufe, amma ya san ba barci take ba.

Likitar ba ta ƙara ba. Ta ce ya biyo ta ɗakin awonsu. Madubin nasu kuwa ido huɗu gare shi, mutum biyu ke leƙawa lokaci ɗaya. Aka kawo na Adoma sabo, ta shafa da kanta. Amankwa ya leƙa, sai ga tsofaffin abokansa, manya, zagaye, da jan jini a cikinsu. Da ɗumi suke wannan karon. Ya jira ɗaya ta miƙa ƙafa ta ja jiki yadda amiba take yi. Ya jira har idonsa ya kawo ruwa. Daga nan ta sa wani gilashin da aka yi wa rini, komai ya fito ɓaro-ɓaro, yadda ko ɗalibi ba zai ɓata ba.

"Nata ne, Baba," in ji ta. "Fararen ƙwayoyin jininta ne, masu gadin jiki. Waɗannan manyan aikinsu haɗiye abin da suka tarar, shi ya sa ka ga jini a cikinsu. Mutane da yawa sun ɗauke su amiba, ba kai kaɗai ba."

Ta yi masa bayani a tsaye, ba gaggawa. Ta ce hanjin kowane mutum cike yake da ƙananan halittu marasa adadi waɗanda ba sa cutarwa, wasu ma taimako suke. Tsakaninsu da naman jiki akwai danga, wato fatar cikin hanji da majinar da ta lulluɓe ta. Bayan dangar masu gadi suke zaune, kuma a cikinsu akwai waɗanda aikinsu kawai su ce wa sauran, ku kwantar da hankali, waɗannan maƙwabta ne. A jikin Adoma dangar ta yi rauni, masu ba da haƙurin kuma an fi ƙarfinsu. Masu gadi suka ga maƙwabta sun leƙo, suka yi ihun ɓarawo, ihun ya kira wasu, waɗancan suka yi nasu ihun. Garin kai duka suka ƙara fasa dangar, maƙwabta suka ƙara leƙowa, faɗa ya ƙi ƙarewa. Jinin da majinar da yake gani ɓarnar wannan faɗan ce.

"To me ya tayar da su?"

"Ba wanda ya gama sani. Akwai gado a ciki, akwai yanayin halittun hanjin, akwai abin da ba mu gano ba tukuna. Yakan lafa da kansa ya dawo, ko an sha magani ko ba a sha ba. Maganinsa ba na kashe baƙo ba ne, na lallashin 'yan gida ne."

"Ruwa fa? Ko hannun mai girki?"

"Ba ruwan ruwa. Ko a kwalba take saye tun haihuwa, zai iya kama ta."

Mista Tando ya daɗe a kabari, amma a lokacin Amankwa ya ji kamar tsohon yana tsaye a bayansa, kuma ko faɗa bai yi ba.

Kwana biyar ana ba Adoma maganin lallashin ta jijiya, hanjin bai saurara ba. Rana ta shida aka shiga da ita aka cire babban hanjin gaba ɗaya, aka fito mata da ƙofa a gefen ciki, da 'yar jaka manne mai karɓar bayan gida. Amankwa ya tare likitar a baranda ya tambaye ta abin da yake tsoron tambaya: da an kawo ta tun shekarar farko fa?

"Wataƙila da mun riƙe shi da magani. Wataƙila kuma da nan ɗin za a zo. Ba zan yi maka ƙarya ta kowane gefe ba, Baba."

Da ta ce masa eh, da ya san nauyin da zai ɗauka. Da ta ce a'a, da ya sauke. Wataƙilan nan ita ce ya koma da ita Konongo, yake ci da ita, yake buɗe shago da ita.

Amma akwai abin da ba wataƙila a cikinsa, kuma shi ne ya yi ta kauce wa. Tun a asibiti ya ji Konadu tana gaya wa matar gadon kusa cewa amiba ce ta cinye hanjin 'yarta, kuma ita ta jawo, ruwan gidanta ne. Yana tsaye da ledar ayaba a hannu, ya ji, ya bar ta a haka. A Konongo ma haka labarin ya tafi, wai amibar Nsuase ta fi ƙarfin magani, kuma Kawu Madubi ya yi iya ƙoƙarinsa. Mutane har jaje suke masa. Ya karɓi jajen, yana jin kunyar kansa kamar wanda ya saci kuɗin sadaka a coci.

Bayan wata biyu Adoma ta zo Konongo sayen zare, ita kaɗai a mota, abin da ta shekara ba ta yi ba. Ta yi 'yar ƙiba. Ta ɗinka wa jakar riga da ragowar atamfa, ta ce tana da guda shida, kowace da kayan da take shiga da su. Ta zauna a bencin ta dubi rubutun saman ƙofa.

"Kawu, yanzu kam ka huta da ashana. A jaka nake yawo da shi, kullum da ɗuminsa."

Ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. "Adoma, ni ne na..."

"Na sani, ai ina jin ku ranar. Na yi fushi, Kawu, ba zan ɓoye maka ba, har yanzu ma yakan taso mini in ina wanka. Amma ba don ni na zo ba. Likita ta zaunar da Mama ta yi mata bayani da yarenmu sau biyu. Ni ma na yi har na gaji. Ka san me take cewa? Wai likitar yarinya ce, tana so ta kwantar mata da hankali ne. Wai Yaya ya gani da idonsa." Ta gyara ledar zarenta. "Daga bakinka ya shiga. Ba mai fitar da shi sai kai."

Ya tafi ranar kasuwar Nsuase, da gangan, a motar farko. Ya bar farar rigar a gida. Ya tarar da Konadu a tsakar gida tana tura itace a murhu, tukunyar ruwa a kai. Akwai mata huɗu a bakin rijiya, har da mai shinkafa da wake, wadda ita ma ta tsufa. A gaban mutane ya ɗora wa ƙanwarsa abin, don haka bai nemi su shiga ɗaki ba. Ya tsaya inda kowa zai ji.

Ya faɗi duka. Ya ce babu amiba, ba a taɓa samun ta ba. Ya ce jikin yarinyar ne ke faɗa da kansa, ba rijiya ba ce, ba dokunu ba ne, ba hannun Konadu ba ne. Ya ce tun ranar farko kwalin ya zo a sanyaye, kuma ya san doka ita ce ya mayar ya ce a zo da yarinyar, amma kunya da girman kai suka hana shi. Ya ce daga karo na uku ya fara shakka, ya danne. Guga ya tsaya a hannun mai ɗiba.

Konadu ba ta ɗago ba sai da ya gama.

"Ka san ya huce, Yaya?"

"Na sani."

"Da ka ce in zo da ita, ai da na goyo ta na kawo maka. Ko a ƙasa ne."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, shi kuwa ya so ta yi ko ɗaya. Ta dubi tafin hannuwanta, waɗanda sabulu da toka suka cinye wa fata, ta juya su, ta mayar kan cinya.

"Shekara tara ban taɓa ba ta abinci da hannuna ban ji tsoro ba," in ji ta.

Amankwa yana nan har yau a ɗakinsa na bayan mai faci. Ya sa an shafe rubutun saman ƙofa, ko da yake in rana ta haska ana ganin inuwarsa a ƙarƙashin fentin. Kwalin da ya huce yana mayarwa, ko mai shi ya yi fushi. Konadu ba ta koma dokunu ba, ta ce hannun ya manta. Duk ƙarshen wata yakan je Nsuase, ta karɓe shi, ta sa masa kujera, su yi maganar koko da wanda ya mutu. Zuwansa na baya ya tarar da tukunyar a kan murhu tana tafasa.

"Konadu, ai na gaya miki ba sai kin tafasa ba."

"Ka gaya mini," in ji ta. Ta ɗebo a kofi, ta fifita, ta miƙa masa. "Na gwada bari. In na ba Adoma na rijiya, sai in ji muryarka."

Ya karɓa da hannu biyu ya sha. Ruwan bai gama hucewa ba.